Gagara-raba: wa ya gwada har ya ce ba ta rabuwa?

Ɗan Zango:
Salamu alaikum ƴan zaure. Daren jiya ina ta lalube a intanet na ci karo da labarin da ya hana ni barci. Wani Ba'amurke, Luke Durant, tsohon ma'aikacin kamfanin NVIDIA, ya gano wata lamba a watan Oktoba na 2024 wadda tsawonta ya kai haruffa 41,024,320, kuma wai babu abin da ke raba ta daidai sai 1 da ita kanta. A taƙaice ana rubuta ta 2^136,279,841 − 1. Ma'ana ka jera 2 har sau miliyan 136 da ƴan kai, ka ninka su da juna, sannan ka zare ɗaya. Mushe kana kusa? Wannan gonarka ce.

Alhajin Kasuwar Dole:
Wa alaikumus salam. Miliyan arba'in da ɗaya ce ta hana ka barci? Yaro, ka zo kasuwa ranar da motar tattasai ta iso daga Diffa ka ga yadda ake ƙirga miliyoyi ana hira.

Ɗan Zango:
Alhaji ba kuɗin ne miliyan 41 ba, tsawon rubutun ne. Jika guda in ka rubuta 1000, harafi huɗu ke nan. Miliyan guda harafi bakwai. Ita wannan sai ka jera harafi miliyan 41 kafin ka ajiye bik.

Ƴar Birni:
Ni na ɗan auna. Ƙaramin gidan kaye na lissafi milimita 5 ne. In aka sa harafi ɗaya a kowane gida, a layi guda miƙaƙƙe, zai kai kilomita 205. In an fara rubutun daga ƙofar fadar Sarkin Damagaram, za a wuce Takeita, a wuce Tasawa, a doshi Maraɗi kafin a ga wutsiyarta. Wanda kuma zai karanta ta, harafi ɗaya kowane sakan, ba ci ba sha ba barci, sai ya yi kwana 474 da wani abu.

Alhajin Kasuwar Dole:
To yanzu na gane, kuma yanzu ne ban yarda ba. Ni rabo aikina ne tun ina yaron kanti. In aka ce kaya ba su rabuwa tsakanin mutum bakwai, sai na kasa su kashi bakwai na ga saura da idona. Wannan lamba da ta kusa kai Maraɗi, wa ya zauna ya gwada ta da 3, da 7, da 11, har ƙarshe? In bai gwada ba, faɗa ya yi kawai don ya san babu mai bin sawunsa.

Mushe Mai Ritaya:
Salamu alaikum. Na dawo daga masallaci na tarar saƙonni sun yi tudu. Alhaji, Allah ya yi maka albarka. Shekaru na yi a gaban tablo ina jiran ɗalibi ɗaya ya yi mini wannan tambaya, amma yawanci sai dai su ce "Mushe zai fito a jarrabawa?"

Amsa ita ce babu wanda ya gwada ta da lambobi ɗaya bayan ɗaya, kuma babu wanda zai iya, ko an haɗa kwamfutocin duniya duka. Duk da haka an tabbatar. Amma kafin mu je can, mu fara da gero.

A ce ka ɗauki ɗan ƙodago, kuka shirya zai karɓi ƙwayar gero ɗaya ranar farko, biyu rana ta biyu, huɗu ta uku, takwas ta huɗu, kullum ninkin na jiya. In ka tara abin da ya samu, kwana biyu 3 ne, kwana uku 7, kwana huɗu 15, kwana biyar 31, kwana shida 63, kwana bakwai 127. Ku lura, jimillar kullum saura ƙwaya ɗaya ta kai ladar gobe. Irin waɗannan ake kira lambobin Mersenne, da sunan wani malamin coci Bafaranshe da ya rayu daga 1588 zuwa 1648. Lambar da yaron nan ya kawo ita ce jimillar geron in aikin ya kai kwana 136,279,841. Yanzu ku duba jerin, wanne ke rabuwa, wanne ba ya rabuwa?

Ɗan Zango:
Na gano sirrin! 15 da 63 suna rabuwa, don kwanakinsu 4 da 6 suna rabuwa. Su kuwa 3, 7, 31, 127 ba su rabuwa, don kwanakinsu 2, 3, 5, 7 ba su rabuwa. Ke nan ka samo yawan kwanaki da ba ya rabuwa, shi ke nan ka samu taka. Ashe Bature bai yi wata wahala ba.

Ƴar Birni:
Yaya, gwada kwana 11.

Ɗan Zango:
2047. Mara ce, 3 ba ta raba ta, 5 ba ta yi, 7 ba ta yi. Me ya same ta?

Ƴar Birni:
23 sau 89.

Ɗan Zango:
Kai! Na buga a kalkilatiris. Gaskiyarki ƙanwata, na janye.

Mushe Mai Ritaya:
Kada ka janye duka, rabin maganarka daidai ne. In yawan kwanakin yana rabuwa, jimillar dole ta rabu, wannan babu makawa. In ba ya rabuwa, to ƙofa ce kawai a buɗe, ana iya shiga a tarar babu kowa. Watan da ya yi kwana 29 jimillarsa 536,870,911 ce, kuma 233 na raba ta. Wanda ya yi 31 kuwa jimillarsa 2,147,483,647, ita kam ta gagara, wani babban masanin lissafi, Euler, ya tabbatar da haka a 1772.

Kuma kada ka ji kunya, mai sunan ma ya yi tuntuɓe. A 1644 Mersenne ya fitar da jerin kwanakin da ya ce suna haifar da lamba marar rabuwa, har zuwa 257. Ya sa 67 da 257 alhali ba su ciki, ya kuma tsallake 61 da 89 da 107 alhali suna ciki. Sai a 1903 wani malami a Amurka, Frank Cole, ya tashi gaban taron masana lissafi, ya ɗauki alli, ya lissafa 2^67 − 1 a gefe ɗaya na allo, a ɗaya gefen ya ninka 193,707,721 da 761,838,257,287, amsa ta zo ɗaya. Ya koma ya zauna bai ce uffan ba, aka yi ta tafa masa.

Alhajin Kasuwar Dole:
Yawwa Mushe, da bakinka ka ba ni gaskiya. Lamba mai harafi ashirin da ƴan kai ta yi shekara ɗari biyu da hamsin da ɗoriya tana yawo da sunan ƙarya. To mai harafi miliyan 41 fa? Wata rana wani zai taso da alli ya kunyata wannan Durant ɗin.

Maman Tagwaye:
Ni dai kafin ku yi nisa, me ake kiran irin wannan lamba da Hausa? Yarana kullum "nombur piramiye" nake ji suna haddacewa, in na tambaye su ma'ana sai su ce lamba ta farko. Farkon me?

Ɗan Zango:
Lamba tilo.

Mai Gyaran Waya:
Tilo ai wanda ba shi da ɗan'uwa ne. Su kuwa suna da dangi ba iyaka. Ni na fi son gagara-raba, kamar yadda ake cewa gagara-gasa.

Mushe Mai Ritaya:
Gagara-raba ta zauna mini a baki. Mu riƙe ta a zauren nan. Hajiya, "farko" da suke cewa yana da dalili, domin kowace lamba daga ninkinsu take fitowa, kamar 60 da take 2 sau 2 sau 3 sau 5. Su ne tubalin, sauran gini ne.

Alhaji, na dawo kanka. Akwai abin da ban faɗa ba a labarin Cole. Tun 1876 wani Bafaranshe, Édouard Lucas, ya riga ya nuna cewa lambar kwana 67 tana rabuwa, ba tare da ya san abin da ke raba ta ba. A shekarar nan dai ya tabbatar da ta kwana 127, mai harafi 39, gagara-raba ce, da hannu, babu na'ura. Daga baya Derrick Lehmer ya gyara hanyar a 1930, shi ya sa ake kiran ta gwajin Lucas da Lehmer. Ku ɗauko takarda mu yi shi da 31, ta kwana biyar.

Ka fara da 4. Ninka ta da kanta, cire 2, ka samu 14. Ninka 14 da kanta, cire 2, ka samu 194. Ta wuce 31, sai ka raba da 31 ka riƙe saura kawai, wato 8. Ninka 8 da kanta, cire 2, ka samu 62, ka raba da 31, saura babu. Taki nawa muka yi? Uku, wato yawan kwanaki a cire biyu. Dokar ita ce, in yawan kwanakin gagara-raba ne da ya wuce 2, kuma a takin ƙarshe saura ya zo sifiri, to jimillar gagara-raba ce. In ya zo wani abu daban, tana rabuwa. Ga lambar Durant, taki 136,279,839 ake yi, kowane taki ana ninka lamba mai miliyoyin haruffa da kanta. Aiki ne mai nauyi, amma yana da ƙarshe, kwamfuta mai ƙarfi tana gama shi.

Aikin gida: ku yi wa 127 taki biyar, ku yi wa 2047 taki tara.

Ƴar Birni:
Na 127: 4, 14, 67, 42, 111, 0. Ya fito Mushe!

Alhajin Kasuwar Dole:
Wannan kam ya yi kama da bugun ƙasa. Fara da huɗu, cire biyu. Me ya sa huɗu? Me ya sa ba biyar ba? Allah gafarta Malam, kana ji ana hatimi a zaurenmu.

Malamin Zaure:
Ina ji Alhaji, tun ɗazu nake bi a hankali, idon ne ba ya son ƙananan rubutu. Hatimi kuwa kada a raina shi ta fuskar hisabi. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina, ya rubuta littafi a 1732 kan yadda ake tsara gidajen hatimi masu adadin mara, kowane layi ya ba da jimilla ɗaya. A Alƙahira ya rasu a 1741. Lissafi ne tsantsa a ciki, ko me mutane suka yi da shi daga baya.

Abin da kuke kira gagara-raba, a littattafanmu adadi awwali ne. Kuma mai rabon gado yana cin karo da danginsa kullum. In muka zo gyara mas'ala muna duba adadi biyu, ko su zama iri ɗaya, ko ɗaya ya shiga cikin ɗaya, ko su haɗu a wani adadi da ke raba su duka, ko kuma su zama babu abin da ya haɗa su sai ɗaya, shi ne tabayuni. Asalin mas'ala kamar 6 ko 12 ko 24 an zaɓe su ne don suna da saukin kasawa. Amma in aka yi auli, wato kason magada ya zarce asalin, 6 ta koma 7, ko 12 ta koma 13 ko 17, a nan almajiri ke fara gumi, don ya faɗa hannun waɗanda ba su kasuwa.

Sai dai tambayar Alhaji tana nan daram. Mushe, wannan gwaji naka, zato mai rinjaye yake bayarwa ko yaƙini? Don mu a wurinmu akwai tazara tsakaninsu.

Mushe Mai Ritaya:
Allah ya gafarta Malam, ka taɓa inda ke ƙaiƙayi. Duka biyun akwai su, kuma duka an yi amfani da su a kan lambar nan. Akwai gwaji mai sauƙi da ya samo asali daga wani masanin lissafi, Fermat. In lamba ta faɗi a cikinsa, tabbas tana rabuwa. In ta haye, ana kyautata mata zato ne kawai, domin akwai munafukai. 341 tana haye shi in an gwada da 2, alhali 11 sau 31 ce. 561 ta fi ta iya shiga rigar mutane, tana haye shi da duk lambar da ba su haɗa mai rabawa ba, alhali 3 sau 11 sau 17 ce. Ranar 11 ga Oktoba wata na'ura a Dablin ta ƙasar Ayalan ta ce lambar Durant ta haye irin wannan gwaji. A nan zato ne. Washegari, 12 ga wata, wata na'ura a San Antoniyo ta jihar Tekzas ta yi mata na Lucas da Lehmer, saura ya zo sifiri. Wannan na biyun yaƙini ne, domin an kafa hujja a kansa cewa ba ya ƙarya ta kowane ɓangare. Hujjar tana cin ƴan shafuka, ɗalibin jami'a mai himma yana iya bin ta, amma ba ta shiga saƙon waya. Alhaji in ka zo gida da shayi da haƙuri sai mu fara.

Alhajin Kasuwar Dole:
To in na'urar ce ta yi kuskure fa? Ko tawa ta kanti in rana ta buge ta sai ta fara nuna abin da ba shi ba.

Ɗan Zango:
Shi ya sa ba su sanar ba sai 21 ga wata. A tsakani an sake gwajin a na'urori daban-daban da manhajoji daban-daban, amsa ta zo ɗaya.

Malamin Zaure:
Wato shaidu da ba su haɗa baki ba. Wannan na fahimce shi. Hujja a kan hanyar, shaidu a kan aikin.

Alhajin Kasuwar Dole:
Naji. Nawa aka biya shi?

Ɗan Zango:
Ƙungiyar da ke wannan farauta, GIMPS, wadda George Woltman ya kafa a 1996, dala 3,000 take bayarwa. Dalar Amurka fa Alhaji, ba tamu ta sefa biyar ba. Shi kuwa jaridu sun ce ya kashe wajen dala miliyan biyu a hayar na'urori a ƙasashe 17. Akwai kuma kyautar dala 150,000 da aka ajiye wa wanda ya fara samo mai harafi miliyan 100.

Alhajin Kasuwar Dole:
Inna lillahi. Ya zuba miliyan biyu ya kwashi dubu uku. In ɗana ne sai na kai shi a yi masa rubutu ya sha.

Mai Gyaran Waya:
Alhaji ni ma ina ganin ita wannan ƙatuwar ba ta da aikin yi yau, gaskiya ɗaya ce. Amma ƙannenta kana cin moriyarsu kullum ba ka sani ba. Akwai tsarin kulle saƙo da ake kira RSA, na 1977, wanda har yanzu ake amfani da shi a intanet. Ana ɗaukar gagara-raba biyu, kowace mai harafi wajen 300, a ninka su, a ba duniya amsar mai harafi 617. Ninkawa ko ƙiftawar ido ba ta kai ba, amma wanda aka ba amsar aka ce ya nemo iyayenta biyu, sai ya tsufa ya bar wa jikoki. Kamar a dama fura da nono a ce ka mayar da kowa ƙwaryarsa. Ta Durant ba ta yin makulli don kowa ya san ta, 52 ne kacal irinta da aka sani, ɓarawo sai ya gwada su ɗaya bayan ɗaya.

Ita kuwa 2,147,483,647 da Mushe ya ambata, tsohuwar abokiyarmu ce. A tsarin kwamfuta mai gida 32, ita ce lamba mafi girma da ake ajiyewa in an ware gida ɗaya don alamar ragi ko ƙari. Kuma ga abin da ke burge ni: a harshen na'ura, mai 0 da 1 kawai, lambobin Mersenne duk 1 ne jere. 7 ita ce 111, 31 ita ce 11111. Ta Durant 1 ce sau 136,279,841, babu sifiri ko ɗaya. Wannan siffar ce ke sa na'ura ta fitar da saura da sauri, shi ya sa manyan da ake ganowa kusan kullum ƴan gidan Mersenne ne. Su ke da hanya mai kwalta, sauran sai a bi ta yashi.

Ɗan Zango:
Wato tsakanin wannan da wadda aka gano a 2018, mai harafi 24,862,048, akwai wasu gagara-raba?

Mushe Mai Ritaya:
Kamar yashin Tanut. Sunayensu ne ba mu riƙe ba. Kuma babu ta ƙarshe, Iƙlidis, masanin lissafin Girka, ya rufe wannan magana fiye da shekara dubu biyu da suka wuce. Duk jerin da ka kawo ka ce su ke nan, a ninka su duka a ƙara 1, abin da ya fito babu ɗaya cikin jerinka da ke raba shi. Ko dai shi kansa sabuwa ce, ko wata sabuwa ce ke raba shi. Ɗalibai suna yawan mance wannan na biyun. 2, 3, 5, 7, 11, 13 in an ninka an ƙara 1, 30,031 ne, kuma 59 sau 509 ne.

Malamin Zaure:
Iƙlidis ɗin nan ai shi ne da adadi tammi, wanda in ka tara masu raba shi, ban da shi kansa, sai su ba ka shi cif. 6 ita ce 1 da 2 da 3. 28 ita ce 1 da 2 da 4 da 7 da 14. Ibn al-Haisam ma ya yi bincike a kai. Sabit ibn Ƙurra kuma a Bagadaza ya yi aiki kan adadi masoya, irin 220 da 284, masu raba wannan su tara su ba da wancan.

Mushe Mai Ritaya:
Kuma suna ɗaure da geronmu Malam. Ɗauki jimillar da ta gagara, ka ninka ta da ladar ranar ƙarshe. 3 sau 2, 6. 7 sau 4, 28. 31 sau 16, 496. 127 sau 64, 8,128. Euler ya tabbatar duk adadi tammi da yake cika daga nan yake fitowa. Don haka ranar da aka samu lambar Durant an samu adadi tammi na 52 a kyauta, mai harafi fiye da miliyan 82. Na mara kuwa har yau ba a ga ko ɗaya ba, ba a kuma hana samuwarsa da hujja ba.

Maman Tagwaye:
Ni abin da yarana suka taɓa gaya mini da ya tsaya mini a rai, wai a cikinsu akwai tagwaye. Gaskiya ne ko tsokanata suke?

Mushe Mai Ritaya:
Gaskiya ne Hajiya. Biyu da 2 kawai ke tsakaninsu, kamar 11 da 13, 17 da 19, 29 da 31. Hasan da Husaini ke nan. Gambo kuwa sau ɗaya tak ya taɓa biyo su a jere, 3 da 5 da 7, domin a kowane uku irin haka ɗaya dole 3 ta raba shi. Ko tagwayen suna ƙarewa, wannan har yau ana kai. A 2013 Yitang Zhang ya nuna akwai gagara-raba bibbiyu marasa iyaka da tazararsu ba ta wuce miliyan 70 ba, wasu suka yi ta matsewa har ta sauko 246. Daga 246 zuwa 2 ne aka tsaya cak.

Maman Tagwaye:
To ita wannan ƙatuwar tana da Husaininta?

Mushe Mai Ritaya:
Ta gabanta babu. Duk lambar Mersenne da kwanakinta mara ne, in ka ƙara mata 2, 3 na raba abin da ya fito: 7 ta koma 9, 31 ta koma 33, 127 ta koma 129. Ta bayanta ne abin dubawa, don 31 tana da 29 a baya. An kira la'asar, sai na dawo.

Ƴar Birni:
Salamu alaikum. Na gama na 2047, sau biyu na yi don na ɓata a taki na shida: 4, 14, 194, 788, 701, 119, 1877, 240, 282, 1736. Bai zo sifiri ba, kuma ko sau ɗaya ban raba da 23 ba.

Sannan Baba Mushe, ina jin na samo amsar Maman Tagwaye, a duba mini in ban yi shirme ba. Ta baya ita ce lambar a cire 2, wato 2^136,279,841 − 3. Na tuna abin da muka yi a aji, cewa in ana raba ninkin 2 da 29, saura yana zagayowa duk bayan taki 28. Na raba 136,279,841 da 28, ya ba ni 4,867,137, saura 5. Ke nan sauranta ɗaya ne da na 2 guda biyar da aka ninka da juna, wato 32, wanda in an raba da 29 saura 3. A cire 3, babu saura. Ke nan 29 na raba ta.

Ɗan Zango:
Tsaya. Kina nufin kin raba lambar da ta kusa kai Maraɗi a bayan kaye?

Mushe Mai Ritaya:
Na bi shi layi-layi har sau biyu. 28 sau 4,867,137 shi ne 136,279,836, saura 5. Daidai ne ɗiyata, babu gyara. Hajiya, ba ta da Husaini gaba, ba ta da shi baya. Ɗan Zango, sunanka na tilo da aka ƙi ɗazu, ita wannan kam ya dace da ita.

Alhajin Kasuwar Dole:
Ni sai na taɓa da hannuna. Ba ni wanda zai shiga na'urata, harafi goma sha biyu take ɗauka.

Ƴar Birni:
Baba Alhaji, zagaye ɗaya bayan 5 shi ne 33. Ka jera 2 har sau 33 ka ninka su da juna, za ka ga 8,589,934,592. Cire 3, ka raba da 29.

Alhajin Kasuwar Dole:
296,204,641. Babu waƙafi, babu ɓurɓushi. Na sake bugawa, haka dai.

To. Na yarda ana sanin rabon abu ba a kasa shi a tabarma ba. Maganar fara da huɗu cire biyu kuwa, Mushe, ranar Juma'a bayan sallah ina zuwa da shayin, sai ka nuna mini inda huɗun ta fito. Ke kuma ɗiyata ki turo ƙaninki kanti gobe ya karɓar miki kaye goma da bik.

Mai Gyaran Waya:
Alhaji goma ba su isa ba. In shafi ɗari ne kowane kaye, harafi dubu biyu a shafi, sai an ba ta 206 kafin ta rubuta lambar.

Alhajin Kasuwar Dole:
Goma na ce.